Makonni Shida da Kopi a Taman Melati

Warin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne abin da ya fi zama mini a hanci daga ranar da aka kawo Kopi. Tun bayan sallar asuba na wanke gidan da shi, falo da kicin da 'yar barandar baya, har idanuna suna yaji. A wannan shekarar, ta biyu ta annobar korona, kowa a Kuala Lumpur da bilic yake tarbar baƙo, ko da baƙon kwalin kayan miya ne. Da hantsi motar Anti Kamala ta tsaya a ƙofarmu. Ta buɗe bayan motar ta sauko da wata karya siririya, launinta kamar kofin da aka ɗiga wa madara, kunnuwanta a kwance kamar ganyen da ruwa ya daka. Karyar ta sa ƙafa ɗaya a kan tayil ɗin falo, ta shaƙi iskar gidan, sai ta tsuguna a nan ta saki fitsari, jikinta yana ɓari.

"To, ga aikinki nan ya gabatar da kansa," in ji Anti Kamala ta cikin takunkuminta. Ba'indiya ce haifaffiyar ƙasar nan, Turancinta a cakuɗe yake da yaren Malay. "Mako shida, Zulaiha. Boleh?"

Na ce mata boleh, wato zan iya. Na faɗa ne da ƙarfin gwiwar wadda take da takardar shaida a ƙasan akwati.

Ku 'yan matan da kuke zuwa gidan Anti Kamala ranar Asabar, ku rungumi 'yan kwikwiyo ku yi hoto, saboda ku nake rubuta wannan. Kwanan baya ɗayarku ta ce mini, "Anti Zulaiha, ai riƙon kare ba aiki ba ne, a ba shi makan, wato abinci, ya ƙoshi, a fita da shi yawo, shi ke nan." Ban amsa mata ba a lokacin, domin hannuna yana cikin kunnen wani tsohon kare ina ciro masa kaska. Ga amsar yanzu.

Aikinmu shi ne mu karɓi karen da aka yasar, mu riƙe shi a gida na ɗan lokaci, mu koya masa zama da mutane, sannan mu miƙa shi ga wanda zai riƙe shi har ƙarshen kwanansa. A gida Najeriya na karanta likitancin dabbobi, amma shanu da awaki da kaji na sani. Na biyo maigidana, Malam, wanda ya zo digirinsa na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, kuma takardar zamana ba ta ba ni izinin aiki a asibiti ba. Wata rana a wani shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Setapak, inda muke shan shayi, na ga wata mata da ɗan kwikwiyo a cikin kwando, an naɗe masa ƙafa da bandeji. Na ce mata ɗaurin ya yi tsauri, ga yatsun nan sun kumbura. Ta dube ni daga hijabi har takalmi ta ce, "Ke kina taɓa kare?" Na ce, "Mai ciwo dai ina taɓawa." Anti Kamala ke nan. Washegari na fara zuwa gidanta, inda take tara karnukan da ba su da kowa.

Wata uku ba ta bar ni na riƙe igiya ba. Kwanuka nake wankewa. In na gama sai ta kifa mini bokiti a tsakar gida, ta ce in zauna in gaya mata wanne ne zai yi fitsari nan gaba. Da fari na ɗauka wulaƙanci ne. Sannu a hankali idona ya buɗe: ga wanda ya bar wasa ya fara shinshina ƙasa, ga wanda yake zagaya wuri guda, ga wanda ya je bakin ƙofa ya waiwayo. Na gane cewa kare yakan yi hamma ba don barci ba sai don damuwa, yakan lashi leɓe in ya tsorata, kuma ba kowane kaɗa jela ne murna ba. Duk shekarun da na yi a jami'a ba wanda ya zaunar da ni a kan bokiti, kuma a kan bokitin nan na koyi sana'ar.

Kayan aikin ba su cika jaka ɗaya ba. Igiya mai laushi. Tsofaffin tawul kamar goma. Shimfiɗa mai leda a ƙasanta. Hantar kaza da aka gasa aka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, don lada. Sai agogo da ɗan littafi da biro: duk sanda kare ya sha ruwa, ko ya ci, ko ya yi barci, ko ya yi fitsari, a rubuta ƙarfe nawa kuma a ina. Bulala ba ta cikin kayan, tsawa ma haka. Duk wanda ya ce muku a cusa hancin kare cikin fitsarinsa don ya hankalta, ku gaya masa abu ɗaya karen zai koya: ya riƙa ɓuya bayan kujera in zai yi.

Masu zuwa neman kare iri-iri ne. Akwai ɗalibin da yake son abokin hoto, bayan mako biyu ya dawo da shi ya ce wai yana haushi. Akwai mai shagon da maigadi yake nema, irinsa Anti ko shayi ba ta ba shi. Akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka tashi suka bar musu gida shiru, su ne suka fi kowa riƙo. Amma shekarar kulle ta birkita komai. Mutane suka rasa aiki, wasu suka koma ƙasashensu, wasu aka kai su asibiti ba su dawo ba. Anti takan fito da safe ta tarar an ɗaure kare a jikin get ɗinta, babu ko 'yar takarda. Haka aka bar Kopi. Ba mu san sunanta ba, ba mu san daga ina take ba, Anti ce ta raɗa mata Kopi, wato kofin sha da yaren Malay, saboda launinta. A keji ta daina cin abinci, ta juya fuskarta bango, har ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

Akwai wadda ta ga hotonta ta so ta: Madam Lau, tsohuwar malamar makaranta, tana zaune ita kaɗai a wata unguwa can bayan birni. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba na son rai ba. Ta taɓa zamewa a kan jiƙaƙƙen tayil ta karya ƙugu. Yanzu a kujera take yawancin wuninta, likita kuma ya gaya mata in ta sake faɗuwa ba lallai ta sake tashi ba. Karen da yake barin ruwa a ƙasa ba zai shiga gidanta ba. Ɗanta zai nemi takardar izinin tafiya ya zo ɗaukar Kopi bayan mako shida. In ba ta daina ba, keji za ta koma, kuma ni da Anti mun san ba za ta daɗe a kejin nan ba.

Gidanmu a unguwar Taman Melati ɗan ƙarami ne na haya, mai shi ɗan'uwan Anti ne, shi ya sa aka bar mu da kare. Malam ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba za ta shiga ɗakin da muke salla ba, ba za ta kusanci kwanukanmu ba. Wasu matan 'yan gida Najeriya suka yi ta tsegumi a waya, ban bi ta kansu ba. Maƙwabciyarmu Makcik Ros, wata dattijuwa 'yar Malay, ta leƙo ta katanga ta ga Kopi ta dafe ƙirji. "Astagfirullah, adik!" Adik take ce mini, wato ƙanwa. Washegari sai ga leda a rataye a get ɗinmu. A ciki akwai sabulun yumɓu, irin wanda suke wanke duk abin da kare ya taɓa da shi, da ƙullin dafaffiyar kaza. Ta ɗaga murya daga barandarta ta ce, "Sabulun naki ne, kazar tata ce. Kada ki musanya!"

Makon farko na bi ƙa'idar da kowa yake bi. Kowace awa biyu, da bayan cin abinci, da bayan barci, sai in sa mata igiya mu fita bayan gida, mu tsaya a kan ciyawa guda, ni shiru ita shiru. Da zarar ta tsuguna ta gama, hanta tana bakinta kafin ta miƙe sosai. In aka jinkirta ladan da numfashi uku, ba za ta san na mene ne ba. Kopi tana da kai. Cikin kwana huɗu ta san ciyawar nan ce wurin, har ita take jana can. Amma gidan bai bushe ba.

Wata rana da hantsi tana barci a ƙarƙashin fanka, ina zaune kusa da ita ina karatu. Sai na ga wani duhu yana yaɗuwa a kan tawul ɗinta a hankali, kamar inuwar gajimare a kan gona, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da ta farka ta shinshina wurin, ta dube ni kamar wani ne ya yi mata sharri. Na lallaba ta na juya ta, na ga tsohon tabon ɗinki a cikinta: an taɓa cire mata mahaifa. Nan takardar da ke ƙasan akwatina ta yi magana. Wasu karnuka mata, bayan wannan aikin, bakin mafitsararsu yakan saki, in sun yi barci sai ya yi yoyo ba da saninsu ba. Kuma akwai maganin wannan.

Likitan da Anti take kai wa dabbobinta, Dakta Lim, ya ce sai na kawo fitsarinta an auna tukuna. Na bi ta a kan ciyawa da tsohon ludayin miya, na tara a kwalba. Malam yana kallona ta tagar kicin ya ce, "Zulaiha, don girman Allah wannan ludayin ya yi ritaya daga yau." A lokacin ba a shiga asibitin, daga bakin ƙofa ake miƙa dabba a koma mota a jira. Dakta ya kira ni a waya ya ce babu ƙwayar cuta, babu suga, zai ba ta wani maganin sha mai ɗaure bakin mafitsara. Sannan ya ƙara da cewa, da lah ɗin nan da mutanen ƙasar suke liƙa wa magana, "Famfon kawai yake matsewa, lah. Ba ya shiga kai. Wasu ma yakan hana su natsuwa, ki sa ido." Rabin farko na maganar na tafi da shi gida, rabi na biyu na bar shi a bakin asibiti.

Maganin ya yi aiki. Kwana biyar, shimfiɗarta ta bushe ƙayau. Na ɗauki hoton tawul na tura wa Anti na rubuta: na gama. Ta amsa: "Tawul ya gama. Falo fa?"

Falo bai gama ba. Sau biyu, sau uku a wuni ina tarar da kaina da mofa, sandar goge ƙasa, a hannu. Ga shi kuma Kopi ta fara zirga-zirga daga kicin zuwa ƙofa tana haki, in cokali ya faɗi sai ta zabura. Ni kuwa da na riga na sa zuciyata a kwalbar magani, sai na kira Dakta na ce ko za a ƙara mata. Ya ce, "A'a. Ragewa za a yi." Ya gaya mini sabon ma'auni, sannan ya ce, "Nawa na gama. Wanda ya rage a gidanku yake."

Mako uku ya tafi. Anti ta kira ni ta bidiyo ta ce in ɗauko littafin in karanta mata wuraren da na rubuta falo kawai. Na fara: biyu saura kwata, biyar saura, bakwai da rabi. Washegari ma kusan haka. Ta ce, "Me kuke yi a gidan nan a waɗannan lokutan?" Na dubi agogo, na dubi ƙofar ɗakin salla. Masallatai a rufe suke, Malam a gida yake limanci, ni kaɗai ce sahunsa. Anti ta ce, "La'asar ɗinku ta kusa, ko? Jingine wayar a kan tebur. Kada ki gaya masa komai."

Malam mutum ne dogo, muryarsa ta saba da ɗakin lacca mai ɗaukar mutum ɗari. Muka idar da salla, ya buɗe ƙofa ya fito cikin farar jallabiyarsa, carbi a hannu, zuciyarsa cike da alheri. "Assalamu alaikum, mutanen gida! Ke Kopi, an wuni lafiya?" Ya taka kai tsaye zuwa gare ta, ya sunkuya a kanta, ya miƙa hannu sama da kanta kamar zai sa mata albarka. Kopi ta lafe a ƙasa, ta karkata ciki, fitsari ya biyo tayil. "Subhanallahi!" Malam ya tattare jallabiya ya yi tsalle baya. Ni kuma na sheƙa da gudu: bokiti ya yi ƙara, mofa ta bugi ƙafar tebur, na kwarara bilic. Fitsari najasa ne, nan muke takawa da alwala, kuma tun ina ƙarama aka raine ni a kan ba a barin najasa ta huta a ƙasa. Kafin in matse mofar, Kopi ta shige ƙarƙashin kujera, idanunta kawai ake gani.

Daga kan tebur muka ji dariya. Anti ta yi ta yi har wayarta ta suɓuce, muna ganin silin ɗin gidanta. Da ta dawo ta ce, "Ku biyu 'yan kwana-kwana ne! Shi ya kunna wutar, ke ki taho da mota da jiniya." Sai ta share ido ta gyara murya. "Wannan ba yoyo ba ne, Zulaiha. Roƙo ne. Cewa take, ni ƙarama ce, kada ka taɓa ni. Babu kwalbar da za ta warkar da wannan."

Abubuwa biyu ne ashe a jikin karya ɗaya, ni kuma na ɗauke su abu guda saboda duka ruwa ne a ƙasa. Ku riƙe wannan, don shi ne tsakiyar sana'ar. Na farko yana zuwa tana barci, ba ta sani ba, a kan shimfiɗa ake ganinsa. Na biyu yana zuwa idonta biyu, a gaban mutum, kunnuwa a kwance. Magani na na farko ne. Na biyu mutanen gidan ne za su gyaru.

Nawa gyaran bai yi wuya ba. In ta yi, kada in ce uffan, in sa mata igiya a natse mu fita ciyawa, in bar ta can, sannan in dawo in wanke ba a gabanta ba, da ruwa mai yawa da wani ruwan wanki da Anti ta aiko mai cinye warin fitsari. Bilic ya koma saman durowa. Da na zauna na yi tunani, ai ruwa aka koya mini a matsayin mai tsarkakewa. Bilic annoba ce ta ƙara mana shi, har muka manta ba ya cikin karatun.

Na Malam ne babba. Anti ta jero: kada ya dube ta cikin ido, kada ya tunkare ta gaba da gaba, kada ya tsaya a kanta, ya rage murya, ya rage tsawo. Tana faɗa ina ganin wani hoto a raina: Malam a ƙofar ɗakin mahaifiyata a gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen ƙofa, idonsa a kan tabarma, muryar laccar nan ta koma kamar ta mai mura.

Muna cin abinci na ce, "Malam, ka tuna yadda kake gaida Hajiyata?"

"Na tuna. Me ya kawo Hajiya cikin maganar nan?"

"Haka za ka riƙa gaida Kopi."

Ya ajiye cokali. "Zulaiha, ni za ki sa in durƙusa wa karya? In ƙetaro teku neman digiri na uku, in koma gida da suruka mai jela?"

"Mako uku ne kawai, ranka ya daɗe."

"Kada dai Hajiya ta ji wannan."

"Ba za ta ji ba, sai in ka ƙi."

Washegari da azahar ya buɗe ƙofar ɗakin salla a hankali. Bai nufe ta ba. Ya bi jikin bango, ya durƙusa can nesa ya ba ta gefensa, ya sunkuyar da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Barka da rana. An wuni lafiya? Ya gajiya?" Har da ya gajiya. Na ciji mayafina don kada in yi dariya. Kopi ta lafe, 'yan ɗigo biyu suka zubo, sai ta tsaya. Ya ajiye hanta ɗaya a ƙasa, ya tashi a sunkuye ya wuce. Rana ta biyu babu ɗigo. Rana ta huɗu ta rarrafo da ciki ta ɗauki hantar yana nan durƙushe, ta shinshina gwiwar hannunsa, shi kuwa bai ɗago ba, kamar wanda ake yi wa nasiha.

Ranar nan ya dawo daga kedai, shagon unguwa, da ledar abinci a hannu, Kopi tana baranda. Ya ajiye ledar ya durƙusa kamar yadda ya saba. Makcik Ros tana ba furanninta ruwa ta saki tiyo. "Ustaz! Wa kake gaidawa haka? Sarauniya ce ta sauka a gidanku?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Makcik, ki rage murya. Surukata ba ta son hayaniya." Makcik ta yi dariya har ta zauna a kan tukunyar fure.

Littafin ya sake nuna mini wani abu da ban gane dalilinsa ba. Ranakun da farar jallabiyar take wanki, Malam ya sa shuɗiya, Kopi ta fi saurin sakewa da shi. Na gwada sau uku, haka ne. Na ce wa kaina wataƙila farar ta fi faɗi, ta fi kaɗawa a iskar fanka. Malam ya ninke ta ya sa a akwati. A wannan aikin ba kullum ake jiran dalili ba. In littafi ya ce abu yana aiki, a bi shi, dalilin ya iske mu a hanya.

Daga ƙarshen mako na huɗu muka yi kwana tara cif babu ɗigo. Rana ta goma da yamma hadari ya haɗu irin na garin nan, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, aka saki tsawar da ta kaɗa gilashin taga. Kopi ta shige ƙarƙashin tebur ta jiƙa wurin. Saura kwana biyar ɗan Madam Lau ya zo.

Nan ma akwai darasi. Da na yi shiru ba wanda zai sani, kuma Kopi za ta samu gida. Amma ƙugun tsohuwa ne a ɗaya gefen. Mai riƙon kare ba ta ɓoye wa mai karɓa komai, ko da gaskiyar za ta mayar da karen keji. Na kira Madam Lau ta bidiyo na buɗe mata littafin shafi-shafi. Na ce: tana shan magani safe da yamma, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwarta, kuma in aka daina yoyon barci zai dawo. Na ce: baƙo in ya tsaya a kanta za ta iya yi. Na ce: tsawa ma haka, jiya ta yi.

Ta saurare ni da idon malamar da take duba jarrabawa. Ta ce, "In an yi tsawa, ina take zuwa?"

"Ƙarƙashin tebur. Kullum nan."

"To ni me zai kai ni ƙarƙashin tebur? Shimfiɗa mai leda zan sa mata a can. Abin da nake tsoro shi ne ruwan da ban san inda yake ba. Wanda na san wurinsa ba zai kayar da ni ba." Ta gyara tabarau. "Baƙi kuma, ki rubuta mini yadda ake gaishe ta. Zan manna a ƙofa."

Ranar miƙawa ɗanta ya zo da ita a mota. Shi ya fara fitowa, wani ƙato mai sauri, ya nufo baranda yana tafa hannu yana kiran sunan Kopi. Malam ya tare shi a get. "Tsaya, lah. Durƙusa. A'a, ka ba ta gefe. Idonka ƙasa." Sai ga maza biyu manya a durƙushe a barandarmu suna kallon tayil, Makcik Ros tana bakin katanga ta toshe baki da gefen ɗankwalinta. Kopi ta zagaya su ta shinshina, ƙasa a bushe. Sannan aka sauko da Madam Lau a kan keken da ake tura ta da shi in tafiya ta yi nisa. Ban ba Kopi umarni ba, ban ja igiya ba. Ta wuce mu duka ta tafi kai tsaye, ta ɗora haɓarta a kan gwiwar tsohuwar, sannan ta zagaya ta kwanta a gefen tayar dama, ta janye jelarta daga hanyar tayar, kamar wadda ta san aikin. Na rubuta wannan a shafin ƙarshe na littafin, na sa alamar tambaya.

To ke da kika ce makan ne da yawo, in wata rana aka miƙo miki kare mai jiƙa ƙasa kika tambaye ni ko magani yana taimakawa, zan ce miki yana taimakawa ƙwarai, in mafitsara ce ta saki, kuma likita ne zai faɗa bayan ya auna. Ba don shi ba Kopi ba za ta shiga gidan Madam Lau ba. Amma kafin ki je asibiti ki kifa bokiti ki zauna, ki ga yaushe yake yi, a gaban wa, kuma ke me kike yi bayan ya yi. Bayan Kopi na riƙe karnuka da yawa, kuma a mafi yawansu wanda na fara koyarwa mai ƙafa biyu ne.

Sai bayan kusan shekara biyu, an buɗe gari, an cire takunkumi, Anti ta kira ni. Ɗan Madam Lau ya kai Kopi wurin Dakta Lim don a duba ta a sabunta maganinta. A ɗakin jira wata mata mai aikin jinyar tsofaffi a gidajensu ta kira karyar da wani suna daban, Kopi ta miƙe ta tafi wurinta. Matar ta ce ita ce ta ɗaure ta a get ɗin Anti, don ba ta da inda za ta ajiye ta. Karyar wani tsoho ce da take jinya a Setapak, wanda ya yi shekaru a kan keken guragu, daga shi sai ita a gidan. A gida cutar korona ta ɗauke shi. Kopi tana kwance a gefen tayar keken lokacin da masu ɗaukar gawa suka shigo suka tsaya a kansu, sanye da fararen kaya daga kai har ƙafa. Da suka fita da shi, na ƙarshensu ya tsaya ya feshe gidan gaba ɗaya da bilic.